Ɗakin Yankan Takarda

4 ga Maris

Kawuna,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce daga 'yarka, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya ciwon bayan? Umma ta ce in gaya maka ka daina taya 'yan dako ɗaukar kaya, magatakarda aka ɗauke ka a tashar jiragen ruwan nan, ba lebura ba. Ita ma gwiwarta tana nan yadda ka sani, in ta zauna sai an ba ta hannu. Bakinta kuwa lafiya lau. Ni dai ba na jin abin da take faɗa, amma ina ganin yadda ƙannena suke watsewa.

Ka ce rubutun waya kamar tururuwa yake a idonka, ni kuma kira ba ya yi min amfani, to ga takarda.

Kawu, na sami aiki. Ban so in faɗa ba sai da na yi kwana shida ina zuwa. Ofishin ƙwadago na gwamnati ne suka haɗa hannu da ƙungiyar unguwarmu. Ƙungiya ta bi gida gida tana rubuta masu nakasa da suka iya sana'a, ofishin kuma ya zaga kamfanoni yana neman waɗanda za su karɓe mu gwaji na wata uku. Mu tara aka ɗauka. Shugabar ƙungiyar, tsohuwar ungozomar nan da ta karɓi haihuwata, ita ta zo har gida ta tsare Umma. Ta ce yarinyar da ta yi shekara biyu tana koyon ɗinkin littafi a makarantar kurame ba za ta ƙare a wanke-wanke ba.

Maɗaba'ar da ke bayan tashar mota aka kai ni. Suna buga littattafan makaranta da kalanda da katunan asibiti. Gwamnati ta kafa musu fitila mai ƙyaftawa saboda ƙararrawar gobara, ƙungiya kuma ta haɗa ni da tafinta, wata malama da ke zuwa Talata da Alhamis. Sauran ranaku sai ni da ɗan littafina da biro. Abin dariya, idan babban inji ya tashi ƙasa har rawa take yi, kowa sai da hannu yake magana. Ashe a can kowa kurma ne, ni ce dai na fi su iyawa.

Shugaban ma'aikatan dattijo ne mara fara'a. Na sa masa suna Mai Fensir, don kullum da fensir a bayan kunnensa. Kwana uku ya yi yana kallon hannuna. A rana ta huɗu ya ware ni daga cikin sauran, ya kai ni ɗakin baya ni kaɗai, ya ja ƙofa, ya rubuta min cewa babu wanda zai ƙara shigowa inda nake.

Direban motar kayan da zai kawo maka wannan yana ta nuna min agogo. Sauran labari sai na gaba.

'Yarka

13 ga Maris

Uwata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, muna lafiya, baya ya yi sauƙi. Ki ce wa ummarki na ji, ita ma ta daina tsugunno tana shara tunda Allah ya ba ta 'ya'ya. Antinki ta yi ta murna har ta kira maƙwabta tana gaya musu. Ni ma na yi murna, sai da na zo layin ƙarshe.

Sau uku na karanta shi. Ya ware ki. Ɗakin baya. Ke kaɗai. Babu mai shigowa inda kike. Uwata, kurumta ce ko ƙyanda? Me kika yi musu da za a killace ki?

Shekara goma sha tara ina sakataren ƙungiyar ma'aikata a nan, babu irin wanda ban gani ba. Ana kawo mutum, a tsayar da shi a gaban allo a ɗauki hoto tare da manya, a tafa. Da baƙi sun juya sai a nemi wani lungu a ajiye shi, wata uku su cika a ce bai iya ba. Mun yi da wani gurgu a nan, gwanin lissafin kaya, suka sa shi gadin makullai har ya gaji ya tafi da kansa. Ba za a yi miki haka ina raye ba.

Ki ba ni amsa a kan waɗannan. Tare kuke cin abinci da sauran ma'aikata ko ke kaɗai? An ba ki rigar aiki irin tasu? Wane aiki kike yi a ɗakin, ko zama kawai? Tafintar ta san da maganar? Kada ki ɓoye min don gudun tashin hankalina, ya riga ya tashi.

Ina jiran takardarki kafin wata ya ƙare.

Kawunki

15 ga Afrilu

Uwata,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, ina fatan ku ma haka, ko da yake fata kawai nake yi tunda babu wanda ya gaya min.

Yau sati biyar ke nan shiru. Duk motar da ta shigo daga wajenku sai na bar tebur na je bakin ƙofa, har masu gadi sun fara tsokanata wai ko budurwa nake jira. Na sa ƙanwarki ta nan gidana ta tura miki saƙo a waya sau huɗu, babu amsa. Na kira ummarki, ta ce ita ba ta san komai ba, kina fita da safe ki dawo a gajiye. Da na matsa mata sai ta ce akwai ranar da kika dawo kika ƙi cin abinci, kika shige ɗaki kika juya fuska bango, ta yi ta tambaya da hannu kika ce babu komai.

Wannan ya ishe ni. Na san halinki, ko ƙaya kika taka sai kin isa gida za ki cire. Don haka na yi abin da na iya. Na rubuta takardar koke, shafi uku, zuwa ga ofishin ƙwadagonku, na aika kwafi ga ƙungiyar unguwa. Na faɗi sunan maɗaba'ar, na kawo kalmomin da kika rubuta min yadda suke, na ce ana nuna miki wariya a cikin shirin da aka kafa don kawar da wariya. Na nemi a bincika shugaban ma'aikatan.

Kada ki ji tsoro. Ba za su iya taɓa ki ba tunda magana ta hau takarda.

Kawunki

24 ga Afrilu

Kawu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Umma tana gaishe ka. Ka yi haƙuri gaisuwar ta yi gajarta.

Me ka yi min haka, Kawu?

Na ba ka amsa tun washegarin da takardarka ta farko ta zo, shafi biyu cur, na ba direban nan. Wayata kuma ta faɗa bokitin wanke hannu a wurin aiki, har yau tana wurin mai gyara. Ban san amsar ba ta isa ba sai da wata mata daga ofishin ƙwadago ta shigo maɗaba'a ranar Litinin da takardarka a hannu, ita da ungozoma.

Ɗakin bayan nan shi ne ɗakin injin yanka takarda. Wuƙarsa ta kai tsawon hannuna biyu, tana sare littafi ɗari a sara ɗaya. Ba a ba kowa shi. Akwai wanda ya yi shekara shida a wurin yana so a ba shi ba a ba shi ba. Mai Fensir ya ga yadda nake daidaita gefen takarda ne ya ba ni. Ƙofa ana rufe ta don iskar fanka kada ta kwashe takardu. Ba a shigowa kuma don kada a taɓa kafaɗata ina tsakar sara in firgita. Wanda ya riƙe injin kafin ni yatsu uku gare shi a hannun hagu, don wani ya shigo ya yi masa magana. Alfahari nake yi maka a layin nan da ya tayar maka da hankali, Kawu. Na ɗauka za ka gane.

Ka ga abin da ya biyo baya. Sun zauna da mai maɗaba'ar awa biyu. Ya fito fuska a murtuke, ya ce shi taimako ya so yi, in taimakon zai jawo masa bincike to a kwashe shirin a kai wani wuri. Akwai kurame biyu da aka yi alkawarin zai ɗauka bayana, wani saurayi da wata ƙawata da muka yi makaranta tare, mai 'ya ɗaya, mijinta ya rasu. Yanzu ya ce ya fasa. Mai Fensir da yake rubuto min ɗan wasa a gefen takardar aiki, yanzu lamba kawai yake rubutawa ya ajiye ya fita, ko idona ba ya kallo. Lokacin cin abinci da na zo benci sai a matsa. Ba na jin abin da suke cewa, amma na iya karanta kalmar munafuka a leɓe.

Na rubuta wa matar ofishin cewa ba ni na sa ka ba, kuskuren fahimta ne. Ta ce koke ya riga ya shiga, sai an yi zama. An sa ranar sha huɗu ga watan gobe, a ɗakin taron ƙungiya. Za a kira ni in yi bayani a gaban kowa.

Kowa yana magana a madadina tun ina shekara tara. Likita ya yi, malamai sun yi, Umma ta yi a kasuwa. Wannan ne wuri na farko da hannuna ya yi min magana aka saurara. Ban zaci kai ne za ka zo ka rufe shi ba.

'Yarka

2 ga Mayu

Uwata,

Wa alaikumus salam. Lafiyarmu ƙalau, sai dai ni ban san inda zan sa kaina ba.

Takardunki biyu rana ɗaya suka zo. Ta farkon duk ta yi baƙin mai. Motar direban ce ta lalace a hanya, ya bar ta a gareji da takardar a aljihun gaba, ya hau wata ya manta. Na karanta yadda kika zana min injin, da inda kike sa ƙafa, da yadda kika ce in na zo za ki yanka min littafin rubutu da hannunki. Sannan na buɗe ta biyun. Antinki ta karɓa ta karanta, ta ajiye, ta ce dama ta gaya min in jira. Gaskiya ne, ta faɗa.

Na yi kuskure. Ba zan laɓe a bayan direba ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Lokacin da zazzaɓin nan ya kama ki, mahaifinki yana tafiya, ni ne babba a gidan. Ummarki ta ce a kai ki asibiti, na ce zazzaɓin yara ne, a ba ki magani a ga jibi. Jibin da muka kai ki likita ya ce mun makara da kwana biyu. Tun daga ranar duk abin da ya shafe ki ba na iya jira. Na jira sau ɗaya, na ga abin da ya haifar. Ba uzuri nake kawowa ba, ina so ki san daga inda haukan ya fito.

Ki gaya min abin da kike so. In janye koken a rubuce, in ba dattijon nan haƙuri, ko in nemi izini in taho in tsaya a gabansu in ce laifina ne. Kwana biyu ne a mota, baya zai jure. Ba zan motsa ba sai kin ce.

Abu ɗaya dai ya tsaya min. A takardunki biyu babu inda kika ambaci ranar da kika ƙi cin abinci. In ba ki so ki faɗa, na haƙura.

Kawunki

16 ga Mayu

Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Anti, ka ce mata na gode da ta faɗa maka gaskiya. Umma ta sami sauƙin gwiwa har ta taka zuwa wurin zaman da ƙafarta.

Maganar zazzaɓi, Umma ta gaya min tun ina shekara sha biyar. Ta kuma gaya min kai ka goya ni har asibiti, ka kwana goma sha ɗaya a kan benci. Ban taɓa riƙe ka da shi ba. Ka sauke wannan kayan, ya fi buhunan tasharku nauyi.

Ban ce ka zo ba don na san da ka zo kai za ka yi maganar. Ga yadda aka yi.

Ɗakin taron ya cika. Matar ofishin ƙwadago da wani abokin aikinta a tebur, ungozoma a tsakiya, mai maɗaba'a a gefe yana ta duba waya, Mai Fensir a bayansa ya sa riga mai guga. Sauran takwas ɗin da aka ɗauka tare da ni duk sun zo, har da makahon da ke aiki a wurin amsa waya. Aka karanta kokenka. Kawu, ka iya rubutu, har ni sai da na tausaya wa yarinyar da ke ciki.

Da aka ce in tashi, na roƙi tafinta ta faɗi abin da hannuna ya faɗa kawai, kada ta gyara, kada ta sassauta. Na ce koken kawuna ne, ƙauna ce ta sa shi, amma bai fahimce ni ba. Na bayyana ɗakin da injin. Na ce Mai Fensir ya ba ni aikin da ya fi kowane aiki amana a gidan. Na ga mai maɗaba'a ya ajiye waya yana gyaɗa kai, matar ofishin ta fara rufe fayil. Da na zauna a nan da shi ke nan.

Amma tambayarka ta ƙarshe ta hana ni sakat tun da na karanta ta. Sai na ci gaba da tsayuwa.

Ranar da na ƙi cin abinci, waya ce ta kama wuta a ɗakin ajiyar tawada. Aka kaɗa ƙararrawa, kowa ya fita titi. Fitilar da gwamnati ta kafa tana ta ƙyaftawa, amma a zauren gaba aka kafa ta, kusa da allon da aka rubuta sunan shirin, inda baƙi suke gani. Ni ina ɗakin baya, ƙofa a rufe, ina ta yankan kalanda. Sai da na ji ƙauri na buɗe, na ga hayaƙi, babu kowa. Na fito na same su a tsallaken titi, an riga an kashe wutar, suna ta dariya. Babu wanda ya lura ban fito ba. Na yi shiru don ina tsoron a ce kurma haɗari ce a wurin aiki, a sallame ni.

Na faɗi wannan duka. Na ƙara da cewa umarnin aiki ana bayar da shi da baki ranar Litinin da safe, tafinta kuma Talata take zuwa, kullum a makare nake sanin abin da kowa ya sani.

Mai maɗaba'a ya fara cewa ai ba shi ya zaɓi wurin fitilar ba, mutumin ofishin ya ce su ma ɗan kwangila suka ba. Suna cikin tura wa juna sai Mai Fensir ya miƙe. Tafinta ta juyo min da maganarsa.

"Ni na rufe mata ƙofar, ni na hana a shiga. Ranar na ƙirga mutanena a titi na ce sun cika. Shekara ashirin ina ƙirga goma sha huɗu, na manta mun zama sha biyar. Sai yau na sani."

Ya koma ya zauna. Ungozoma ta buga tebur ta ce ba wanda zai fita sai an sa rana. Aka rubuta: za a mayar da fitila ɗakina cikin sati, a ƙara wata a banɗaki. Tafinta ta koma Litinin da Alhamis. Umarnin aiki a rubuta shi a allo. Makahon ma ya ɗaga hannu ya ce tunda ana faɗa, shi ma kwalaye ake jibgewa a hanyarsa. Ashe kowa da abin da ya haɗiye. Matar ofishin ta ce daga yanzu duk wata za a zauna da mu, ba da masu kamfani kaɗai ba.

Jiya an kafa fitilar. Mai Fensir ya tsaya a kai har aka gama, ya sa aka gwada sau uku. Ya rubuta min cewa in gwaji ya ƙare ina nan, ya riga ya gaya wa mai gida. A benci an fara matso min, ban da mutum biyu.

Sai dai ba duka aka samu ba. Mai maɗaba'a ya ce mutum ɗaya zai ƙara ɗauka, ba biyu ba, kuma saurayin ya zaɓa. Ƙawata ta zo gidanmu da 'yarta ta taya ni murna, ni na kasa kallonta. Ta fi ni iya ɗinkin littafi, Kawu. Akwai wani kamfanin kwali a bakin gari da bai shiga shirin ba tukuna. Ungozoma ta ce in an sami takarda mai ƙarfi daga ƙungiya, ofishin zai je ya same su. Duk cikinmu babu wanda ya iya irin rubutun nan naka. Na haɗo maka bayanin ƙawar tawa yadda ta faɗa min da hannunta.

'Yarka

24 ga Mayu

Uwata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Na karanta takardarki a tsaye a bakin ƙofa, da na zo wurin hayaƙin sai da mai gadi ya ba ni kujera. Ba zan ce komai a kai ba, kin riga kin faɗi abin da ya kamata, a inda ya kamata. Ki gaida min dattijon nan, ki ce masa akwai wani tsoho a nan da ya zage shi shafi uku yana neman afuwa.

Ga takardar ƙawarki a ciki. Shafi ɗaya ce, na yi ta fama da kaina kafin na tsaya a nan. Ban aika wa kowa ba, ban sa hannu ba. Ki kai mata ta karanta da idonta. Duk abin da ba haka yake ba ta soke, duk abin da na bari ta ƙara. In ta ce a yaga, a yaga.

Ina nan ina jira, ko sati nawa ne.

Kawunki